Sunan da Mushe Illa Bai Kira Ba

Tun ranar da aka faɗa a rediyo cewa littafin Mushe Illa na Tama (Mushe muke ce wa malamin boko) ya ci gasar labaran yara a Yamai, ban ƙara shan furata cikin natsuwa ba. Wannan ta shigo, "Gwaggo Jima, barka da arziki." Waccan ta shigo, "Gwaggo Jima, ɗanku ya hid da ƙasar Adar kunya." Har da waɗanda idan ka miƙa musu littafin za su riƙe shi ƙafa sama. Ina amsawa, don ban iya korar mutum daga tabarmata ba. Amma tunda kowa ya faɗi nasa, bari ni ma in faɗi nawa, ni da na san malamin nan tun yana yawo ba wando.

Illa ɗan farin ƙanena Barmo ne. Kun san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya dariya da shi gaban mutane. Kunya ce, in ji manya. Masu hankali sukan laƙaba wa yaron wani suna su huta. Barmo kuwa ya ɗauki tasa kunyar ya naɗa a ka kamar rawani. "Kai." "Wancan." "Yaron gidan nan." Da waɗannan Illa ya girma.

Wata rana da rani, lokacin ban ruwan albasa a garake, lambunanmu na fadama, Illa bai ko shiga lakwal, makarantar boko, ba, santsi ya kwashe shi ya faɗa rijiyar garka. Irin gajerun nan marasa baki. Barmo ya sheƙa a guje yana neman igiya.

"Ku kawo igiya! Yaro ya hwaɗa!"

Alhusaini, mai garkar da ke kusa, ya ce, "Wane yaro?"

"Yaro dai!"

"Ɗan wa?"

"Na... na wajenmu."

Fadama cike da yara. Duk macen da ta ji ta yar da abin hannunta ta ɗora hannu a ka, kowace tana zaton nata ne. Sai da na iso na leƙa na ce, "Illa na, ɗan wanga sakaran!" sannan mata suka dawo cikin hankalinsu. Allah ya sa ruwan iyakarsa ƙirji. Da aka fito da yaron yana kyarma, ubansa ya juya baya ya koma ban ruwa. Ni na ga Barmo yana ta juye gugan a ƙafarsa maimakon a kan albasa. Yaron bai ga wannan ba. Ƙeya ya gani.

Illa ya yi kai a karatu, aka tura shi kwalej a Buza. Can ya gano wani ɗan ɗakin karatu da ba kowa ke shiga ba sai ƙadangaru, ya maƙale wa wasu littattafai na Faransanci masu ɗan tambari mai ƙyalli a bango, alamar sun ci gasa a wata ƙasa. Idan ya zo hutu, ina gyaran albasa yana zaune yana juya mini su da Hausa, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

Akwai na wata yarinya da uwarta ta rasu, ta ƙi yin kuka, sai ta bi tukwanen gidan tana fasawa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "To, sai anka yi mata mi? An dai ba ta kashi?"

"Ba a taɓa ta ba, Gwaggo."

"To ina darasin?"

"Babu darasi. An dai hwaɗi abin da ta ji."

Na ce masa Nasara sun rasa aikin yi. Ya ƙyale ni, ya kawo na wani yaro da ya ɓoye jakin gidansu cikin kwazazzabo don kada a kai shi kasuwa, ya yi ta ƙarya kwana da kwanaki, kuma mai labarin bai ce da shi maƙaryaci ko sau ɗaya ba. Sannan ya faɗi maganar da har yau ban manta ba. Ya ce a gatanarmu, tatsuniyar dare, yaron da ya ƙi jin magana kura ke cinye shi. A littafin lakwal, yaro ba ya komai sai wanke hannu da gaida baƙo. Amma a waɗannan masu tambarin, yaro yana fushi, yana da dalili, wani lokaci ma shi ke da gaskiya babba ba shi da ita.

"Wanda ya rubuta wajen yaron ya zamna, Gwaggo, ba wajen manya ba. Shi ya sa in ka hwara ba ka iya ajewa."

Yana faɗin haka idonsa na kan darnin da ya raba gidana da na ubansa. Na ci gaba da gyaran albasata.

Ya zama malami. Ya yi shekarun kwantiragi a ƙauyukan Keita, ya yi a wajen Urno, daga baya aka dawo da shi gida Tama. Ba zan ci haƙƙinsa ba, malami ne na kirki. Ba ya duka. Ya san sunan kowane yaro, ya san na wasa, ya san wanda ya zo bai karya ba. Ya auri Jaratu, Allah ya ba su ɗiyar fari mace, aka sa mata Fiddausiya. Da lokacin yaye ya yi aka kawo mini ita, don mahaifiyar Illa ta riga mu gidan gaskiya. Daga zuwa yaye ta zauna. Ni na yi mata kitson farko, a bayana ta yi ƙyanda.

Na ɗauka wanda ya sha abin nan ba zai dama wa wani ba. Ina! Kullum da safe sai ya leƙo.

"Gwaggo, an tashi lahiya? Ya mutanen ɗakinki?"

"Mutanen ɗakina ni da kajina na. Wa kake nuhi?"

Sai ya sosa ƙeya. "Dut dai."

Yarinyar tana tsaye riƙe da buta tana kallonsa. Ni da na kira ɗan farina Surajo da sunansa a tsakiyar kasuwar Madawa har mata suka ce Jima ba ta da ta ido, ga shi Surajo bai mutu ba, ni ma ban mutu ba. Na faɗa wa Illa wannan ya fi a ƙirga. Dariya yake yi ya ce ni dai daban ce.

Da Fiddausiya ta kai aji biyar ta faɗa hannunsa, don babu wani malamin a ajin. Sai ga Mushe Illa, wanda bai taɓa barin kowa ya yi masa kiran suna da safe ba, ya miƙa wa shugaban aji wannan aikin. Idan yana son ta tashi zuwa allo sai ya nuna ta da alli. "Ke, ta bakin taga." Haka ta zama ta bakin taga a ajin ubanta.

A wannan shekarar ce ya rubuta littafin. Ga abin da ke ciki, don waɗanda suke ta yabonsa ba su karanta ba. Wata yarinya ce Sa'ida, ɗiyar fari, ubanta ya tafi Abijan biɗa, wato ci-rani, kamar rabin mazan ƙasar nan. Yakan aiko saƙon murya ta wayar maƙwabci, gida ya taru a saurara. Ya gaida tsohuwarsa, ya gaida ƙannen Sa'ida kowa da sunansa, ya tambayi tunkiyar da ya bari, ita kuwa sai "da sauran mutanen gida". Sai yarinyar ta fusata. Ta sa wa tunkiyar suna Sa'ida, ta lallashi ƙannenta da ƙuli-ƙuli suka riƙa kiranta haka, har gidan duka ya kama, har labari ya kai Abijan. Tunkiya ta yi ciki. A saƙo na gaba uban ya gama gaishe-gaishensa, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ya Sa'ida? Tana cin abinci sosai?" Yarinyar ta ɗauki wayar ta koma bayan rumbu, tana mayar da wurin nan tana sake ji, har caji ya ƙare. Nan labarin ya tsaya.

Tun yana rubutun hannu ya fara karanta wa ajinsa. An ce wurin ƙuli-ƙuli yara sun yi dariya har da buga tebur. Wurin bayan rumbu kuwa aji ya yi tsit. Wani ƙaton yaro Faruƙ, wanda gemu ya kusa fito masa, ya ce fitsari yake ji, ya fita bai dawo ba sai washegari. Ɗan fari ne. Kafin wata ya zagayo, rabin dabbobin Tama sun yi suna. Ka tsaya bakin hanya ka kira Saleh, bunsuru ya waiwayo. Iyaye suna ta dariya, wai yaran zamani. Ko ɗaya ban ji ya tsaya ya tambayi abin da ya sa ɗansa ya ba akuya sunansa ba.

Na ce wa Fiddausiya, "Ke ba ki sa wa 'yar akuyata? Ga ta nan ba suna."

Ta ce, "A'a, Kaka. Su iyayensu ba su sani ba. Ni babana shi ya rubuta. Ya sani."

"To?"

"To zai hwaɗi. Shina jiran lokaci na."

Ta faɗi haka tana murmushi, tana tsince shinkafa. Ni kuwa na ji kamar in tashi in kifa wa wani tukunya a ka.

Direktan lakwal ne ya aika da labarin gasa. Aka buga shi, ya ci. Illa ya hau mota ya je Yamai, ya dawo da takardar yabo cikin gilashi da kwalin littattafai. Ya karanta mini abin da alƙalan gasar suka ce. Wai labarin ya sa dariya da ciwo a kwano ɗaya. Wai bai yi wa yara wa'azi ba, bai kuma zagi al'ada ba. Wai marubucin mutum ne da ya san abin da yaro ke haɗiyewa bai faɗa. Na ce, "Lalle sun san ka. A can wace unguwa kunka zamna tare?"

Direkta ya shirya biki a filin lakwal. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka kawo lasifika mai tari. Maigari ya zo, manya sun zo daga Buza, ga wani ɗan rediyo Abdoulkadir da na'urarsa a wuya. Barmo yana layin gaba da carbi, sabuwar hula, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Aka ce wani yaro zai karanta ƙarshen labarin, direkta ya zaɓi Fiddausiya don babu wanda ya kai ta iya karatu. Kwanaki ta yi tana gwadawa a kaina, har na haddace, har kajina suka haddace. Jaratu ta yi mata kitso da lalle. Da safen ta kasa shan koko.

Ta hau kan benci don ta kai makirfo. Ta fara karantawa. Da ta zo wurin da uban ya yi shiru, ita ma ta yi shiru, ta ɗaga ido ta dubi Illa, sannan ta karanta tambayar. Mata suna share ido da bakin gyale. Har direban manyan Buza ya bar goge mota ya tsaya.

Aka yi tafi. Abdoulkadir ya matso da na'urarsa wajen Illa, wanda ke tsaye kusa da bencin.

"Mushe, wagga yarinya ta iya karatu ƙwarai. Wace ta?"

Illa ya dubi layin gaba. Ya gyara wuyan riga.

"Ɗaya ta cikin ɗiyan ajina."

"Mi sunanta?"

Kun ji fa. Ba a ce ya ɗauke ta ba, ba a ce ya rungume ta ba. Tambaya aka yi masa, irin wadda ake yi wa kowane malami, ga hanya an share masa har bakin ƙofa. Duk wanda ke wurin zai ce aikin lakwal ne. Yarinyar ta juyo gaba ɗaya tana kallon bakinsa.

Ya kama makirfo ya sunkuyar da shi wajenta. Ya ce, "Ta hwaɗi da kanta."

Ta dubi makirfon. Sannan ta ce, da ƙarfi, yadda ake faɗa a aji, "Fiddausiya Illa."

Ɗan rediyo ya ce, "Af! Ashe ɗiyarka ta!" Fili ya ɗauki dariya. Tsofaffin layin gaba suna gyaɗa kai. Na ji Alhusaini, wancan na rijiya, yana cewa, "Madalla. Boko bai ɓata shi ba." Aka ƙara wani tafin, wannan karon na kunyar Mushe. Yarinyar ta sauka daga benci, ta ajiye littafin a kai, ta ratsa mutane ta tafi gida. Ba ta tsaya shan lemo ba.

Ban jira baƙi sun gama watsewa ba. Na same shi bayan aji yana naɗe tabarma.

"Sannu, mai zama wajen yara."

"Gwaggo, don Allah, ba nan ba."

"Nan ɗin dai. Nan ka yi shi. Yarinya ta hau benci gaban Tama da Buza tana roƙonka da bakinka, da maganar da kai ka rubuta, ka miƙa mata ƙarhe!"

"Baba na zamne, Gwaggo. Maigari na zamne. Mi za a ce?"

"Za a ce malami ya san sunan ɗalibarshi. Ƙasa ta tsage?"

"Littahi daban, gida daban."

"To ka kai wa littahin ya kawo maka ruwan alwala in ka tsuhwa. Ka ɗauki ciwon ɗiyarka ka kai Yamai an ba ka gilashi, ita ka bar ta da ciwon. Ɗiyan mutane ka sa su kuka, ka sa su raɗa wa awaki suna. Kai ko akuyar ba ka da."

Ya zauna bisa tabarmar da ya naɗe. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ba ƙi yake yi ba. Ya ce idan yana kan babur shi kaɗai a hanyar Buza yakan faɗi sunan, ya yi ta faɗi har ya shiga gari. Amma da ya gan ta sai harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ya ce ya yi zaton idan ya rubuta za ta gane.

Na ce, "Ta gane. Shi ya sa ta jira. Da ba ka rubuta ba, da ta ɗauka ba ka sani ba, ta yi maka uzuri kamar sauran."

Daga nan na zarce wajen Barmo, tunda na riga na ɗauki zafi. Na same shi yana cire sabuwar hular yana hurawa. Na zazzage masa tun daga rijiya har yau. Ya saurara har na gaji, ya ce, "Haka munka taras, Yaya." Da na kai ƙofa ya yi gyaran murya ya ce, "Yaron dai ya yi ƙoƙari." Mutum mai furfura a gemu, mai ɗiya a aji biyar, wai yaron. Na tofar da goron bakina a ƙofar ɗakinsa na fita.

Fiddausiya ba ta yi kuka ba, ba ta fasa tukunyar kowa ba. Abu ɗaya ta canja. Da can idan ya leƙo da safe takan ce, "Ina kwana, Baba." Daga ranar ta koma, "Ina kwana, Mushe." A gida, a hanya, ranar salla. Da ladabinta, har da durƙusawa, babu inda za ka kama ta. Jaratu ta yi faɗa, ta yi lallashi. Ni ban sa baki ba. Na ga yadda kalmar ke shigarsa kowace safiya, ban kuma ji tausayinsa ba.

Littafin kuwa ya yi ta tafiya. Malamai daga Keita da Madawa suna aikowa a ba su. An ce akwai garin da wani uba ya ji an karanta, ya koma gida ya kira ɗan farinsa da suna, yaron ya tsorata ya gudu gidan kakarsa. Ana kawo mini irin waɗannan labarai don in ji daɗi.

Da ta gama firamare ta ci jarrabawa, ta ce ita Madawa take so, gidan ɗana Surajo. Ba don babu makaranta kusa ba. Illa bai hana ba, da wane baki? Ranar tafiya na raka ta tasha, motar 'yan kasuwa, buhunan albasa a sama, mutane a kan buhuna. An sama mata wuri kusa da wata mata mai goyo. Ana ɗaure kaya sai ga shi a kan babur, ya yi wanka ya sa farar riga. Ya tsaya jikin motar ya miƙa mata littafin ta taga, sabo fil.

"Buɗe shahin hwarko."

Ta buɗe. Na leƙa, don ni ba a ɓoye mini abu. Ya rubuta sunanta da babban baƙi, da jan biro, har da ja masa layi a ƙasa. Rubutu mai kyau, na malamai.

Ta duba. Ta rufe. Ta miƙo masa da hannu biyu.

"Na gode, Mushe. Na iya rubuta shi da kaina."

Ya karɓa, don ba ta janye hannun ba. Direba ya tada mota. Ta ce, "Kaka, sai na zo hutu, ki kula da ƙahwarki." Ina kallon Illa. Ya matsa taku ɗaya, ya ɗora hannu a jikin motar. Na ga leɓɓansa sun haɗu, sun buɗe. Na riƙe numfashina, ni tsohuwar banza, har da addu'a a zuci. Yaron mota ya buga ƙarfe, mota ta ja, hannunsa ya zame.

Ya tsaya a tsakiyar tasha da littafi a hammata, baki buɗe, har motar ta sha kwana wajen garake.

Na ce, "Ruhe bakin, ƙuda na shiga."

Ya ce in hau ya kai ni gida. Na ce ƙafata ba ta lalace haka ba.